Shawara: Maganin daji ya baƙanta mini hannu, maigida ya ce in daina

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mace ce mai shekara 42, ina aure a nan Maradi, ƴaƴana shida. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Bara aka gano ciwon daji a nonona na hagu, aka yi mini aiki, aka cire har da kaluluwar hammata. Yanzu duk bayan mako uku ina zuwa Yamai ana yi mini ƙarin ruwan magani, wanda suke kira shimiyo. An ce sau takwas za a yi. Na yi huɗu na jan ruwa, na yi biyu na wani fari, saura biyu.

Zubewar gashi ba ta dame ni ba, kallabi ya rufe. Hannuna ne damuwata. Tafin hannu da na ƙafa sun yi baƙi ƙirin, har harshena ya yi ɗigo-ɗigo. Faratana sun yi layi-layi, biyu sun ɗaga daga nama, ɗaya na hannun hagu yana fitar da ruwa mai wari. In na matsa tunkuza sai tafin ya yi ta raɗaɗi har dare, washegari ya tsage. Masu sayen ƙulina sun ragu. Uwar mijina ta daina cin abin da na dafa, kuma na ji tana ce wa maƙwabta wai ko kuturta ce. Ƙanwata ta kawo mini man bilicin. Maigida ya ce maganin asibiti ya fi ciwon cin jikina, in bar sauran biyun a koma na gargajiya. Ga bikin ɗiyata ta fari saura wata biyu, ni kuwa ko gaisawa da mata ina jin nauyin miƙa hannu. In daina ne? Kuma anya zan koma yadda nake?

Wata baiwar Allah, daga Maradi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne, ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Macen da ta jure wuƙar likita, ta shiga mota ta yi tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yamai har sau shida da jikin da magani ya gajiyar, ta dawo ta zauna gaban turmi don ciyar da ƴaƴanta, ba ta da abin jin kunya a hannunta.

Kafin komai, farcen nan mai fitar da ruwa. Cikin duk abin da kika lissafa shi ne ba ya jira. Wari da ruwa alama ce ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama a ƙarƙashinsa, kuma a hannun hagu yake, gefen da aka cire miki kaluluwa. Kaluluwar nan ita ce take tace ƙwayar cuta kafin ta bazu, to hannun da aka rage masa ita ya fi saurin kumbura da kamuwa. Ki je asibiti a nan Maradi yau ko gobe da safe, kada ki bari sai ranar komawa Yamai. Ki tafi da takardunki na shimiyo, ki faɗa musu ranar da aka yi miki na ƙarshe. Su za su ga ko wankewa da maganin shafawa ya isa, ko sai an haɗa da na sha. Kada kowa ya ciccire miki shi da reza a gida, kada a zuba masa toka, kanwa, kalanzir ko garin magani.

Dalilin wannan gaggawa kuwa, shimiyo yana rage fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke kare jiki, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane ƙarin ruwa. A cikin waɗannan kwanaki, ɗan tsagewar da lafiyayye ba zai kula da ita ba tana iya zama ƙofar da cuta za ta shiga jini. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a farmasi ki ajiye kusa da gadonki. Duk ranar da ya nuna 38 ko sama, ko kika ji rawar sanyi, asibiti za ki nufa, ko da tsakar dare ne. Na san halinmu, da an ji masassara sai a ce cizon sauro ne, a aiki yaro wurin mai tebur ya karɓo ƙwaya. Ke wannan hanya ta rufe miki har ki gama. Mai yiwuwa sauron ne, mai yiwuwa kuma ba shi ba ne, gwajin jini ne kaɗai zai raba. Farasitamol ma kada ki sha kafin ki auna, don yana ɓoye zafin a zaci an samu sauƙi.

To yanzu baƙin da ya hana ki barci. Zan faɗa miki gaskiya yadda take: baƙin nan shi ne mafi ƙarancin haɗari cikin abin da ke jikinki, ko da yake shi ya fi cin rai saboda shi ido ke gani. Shimiyo yana farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, saboda ƙwayoyin daji haka suke. Sai dai saiwar gashi, tushen farce, fata da cikin baki su ma masu saurin sabuntawa ne, shi ya sa maganin ke shafar su, kamar yadda fartanya kan yanki gero ɗaya-ɗaya a lokacin noman ciyawa. Jan ruwan da aka fara yi miki, bisa yadda ake maganin dajin nono, doksorubisin ne, kuma galibi ana haɗa shi da siklofosfamid. An san su biyun da zuga ƙwayoyin da ke ba fata launi su yi aiki fiye da kima, sai tafin hannu, gaɓoɓin yatsu, farce, dasashi da harshe su yi duhu. Mu baƙaƙen fata abin ya fi fitowa a jikinmu. Farin ruwan da ya biyo baya yawanci dosetaksel ne ko ɗan'uwansa paklitaksel, su ne masu ɗaga farce daga nama. Ki duba takardarki ko ki tambayi mai sa miki ruwan, hakkinki ne ki san sunan abin da ke shiga jikinki.

Layukan da ke kwance a kan faratanki kuwa, duk lokacin da aka yi miki ƙarin ruwa tushen farcen yakan ɗan tsaya da girma, sai ya bar zane. In kika duba da kyau cikin hasken rana za ki ga sun jeru da tazara kusan iri ɗaya, kuma suna tafiya gaba zuwa bakin yatsa. Farcen hannu yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, kafin ya sabunta gaba ɗaya yakan ɗauki wajen wata shida. Na ƙafa ya fi nawa, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Baƙin fata yakan fara washewa cikin watannin farko bayan an gama magani, a hankali. Ga mafi yawan mata yana tafiya, wasu kaɗan yakan bar musu ɗan duhu. Ba zan yi miki alkawarin hannu zai washe kafin biki ba, don ba zai washe ba. Amma za ki ga sabon farce mai haske yana turowa daga tushe, in sha Allahu.

Saboda haka man da ƙanwarki ta kawo, ki yi mata godiya ki mayar mata. Ƙauna ce ta sa ta kashe kuɗinta, ta ga yayarta tana ɓoye hannu cikin hijabi ta rasa abin yi. Sai dai irin waɗannan mayuka da yawansu suna ɗauke da hidrokinon, ko maganin kumburi mai ƙarfi irin kilobetasol, wasu ma har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Suna sirantar da fata, suna hana miki warkewa, suna buɗe wa cuta hanya, ga shi ba za su cire baƙin da ke fitowa daga ciki ba. In tana son taimaka miki, ta sayo miki man kaɗanya mai kyau wanda ba a gauraya da turare ba, da safar hannu ta roba guda biyu, ta kuma karɓi wankin gidanki ranar Asabar.

Raɗaɗin tafin hannu wani abu ne daban da baƙin, kuma a nan nake so ki tsaya ki saurare ni, don ya taɓa sana'arki. Ɗan abin da ke yawo na maganin a cikin jini yakan tsattsafo ta ƙananan jijiyoyin tafin hannu da na ƙafa, zafi da gurza kuwa suna ƙara masa gudu. Yanzu ki duba aikin ƙuli tun daga farko: suyar gyaɗa a bakin wuta, murza ta a cire ɓawo, juya tunkuza ana zuba ruwan zafi, matsa ta da ƙarfin tafi har mai ya tsatso, mulmulawa, sannan tsayuwa kan kaskon suya. Babu mataki ɗaya da ba zafi ko gurza a cikinsa. A jikin Bature wannan ciwo ja yake yi, likita ya hango shi daga nesa. A namu jikin jan ba ya fitowa sosai, sai duhu da kauri da sheƙi, don haka in ba ki buɗe baki kin ce yana miki zafi ba, ana iya ɗauka baƙin launi ne kawai. Ki faɗa musu dalla-dalla: ba na iya riƙe muciya, ba na iya ɗaura zane, takawa tana yi mini wuya.

Ba na ce ki rufe sana'a ba, na san da ita ake cefane, wataƙila da ita ake cika kuɗin mota. Raba aikin za ki yi na wata uku ko huɗu. Matsa da suya su koma hannun ƴan matanki ko wata maƙwabciya da za ki riƙa biya, ko ku yi yarjejeniya ta ɗauki wani kaso na man. Ke ki riƙe abin da ba kowa ya iya ba: zaɓen gyaɗa, awon tiya, ɗanɗana gishiri da yaji, lissafi da ciniki. Wannan zai rage maganar masu saye ma, tunda ba hannunki ke cikin tunkuza ba, ko da yake hannun naki ba ya ɗauke da abin da zai cuci kowa. In babu mai taya ki, ki koma sarin mai kina sayarwa a kwalba har ki gama. Riba za ta ragu, na sani, amma tafin da ya tsage ya kamu da cuta zai iya sa a ɗage miki ƙarin ruwa, ki yi asarar tafiya guda.

Kula da fatar ba ta buƙatar kayan tsada. Wanka da ruwa mai ɗan sanyi ko ɗumi kaɗan, a taƙaice, da sabulu marar turare. Ki ajiye soso, ki ajiye dutsen goge kaushi, sabulun salo ma ki huta da shi yanzu don yana busar da fata. In kin fito kada ki goge jiki da ƙarfi, ki dafa tawul a hankali, ki shafa man kaɗanya ko basilin tun jikin da sauran laima. Da dare ki cika wa tafin hannu da diddige mai, ki sa safa ta auduga. In kaushin ya yi kauri, akwai man shafawa mai yuriya kashi 10 cikin 100 a farmasi, yana laushi sosai, amma ba a sa shi cikin tsagar da ta buɗe don yana zafi. Wanki da wanke-wanke sai da safar roba, Omo ba ya ragawa fatar da ta raunana. Kada ki taka tsakar gida ba takalmi, kin san yadda yashin garin nan ke ɗaukar zafi da rana, kuma takalmin ya kasance sakakke mai taushi. Humra da turaren fesawa ki sa wa tufafi, ban da fata. Rana ma tana ƙara baƙin, ki bi inuwa, ki fita da sassafe ko da la'asar.

Wani abu da farin ruwan nan ke kawowa shi ne mutuwar bakin yatsu, ki ji kamar ba naki ba ko suna tsira-tsira. In kin fara jin haka ki gaya wa likita tun da wuri, ki kuma riƙa gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, don yatsa na iya ƙonewa ba ki sani ba.

Farata ki yanke su gajeru, a miƙe, da abin yankanki ke kaɗai wanda kika wanke. Masu yawo da almakashi suna yanke wa mutane farce a bakin kasuwa, ki yi musu sallama har abada ma in da hali. Kada ki kankare fatar gindin farce, kada ki sa tsinke ƙarƙashin wanda ya ɗaga. Ki bar shi ya bushe, in yana kama zane ki naɗe shi da ɗan bandeji. In ya faɗi da kansa, wani zai fito.

Na san alwala tana cikin ranki ko da ba ki rubuta ba. Wanki ɗaya a kowace gaɓa shi ne farilla, kuma cuɗawar ba sai da ƙarfi ba, shafa hannu a hankali ya wadatar. Kina iya riƙe alwala ɗaya ki yi salla biyu. Inda aka naɗe da bandeji shafa ake yi a kai, in kuma ruwa na cutar da ke Allah ya sauƙaƙa wa marar lafiya da taimama, yana nan a aya ta 6 cikin Suratul Ma'ida. Ki tambayi malamar Islamiyyarku ta nuna miki. Ki ajiye ɗan gwangwanin mai kusa da buta, kina idar da alwala ki shafa.

Sai maigida. Ban ɗauke shi mugu ba. Mutum ne da ya ga matarsa ta tafi da ƙafarta, tana dawowa a galabaice, ga aljihu yana ƙonewa, ga mahaifiyarsa tana magana a kunnensa. Shi ciwon da ke ɓoye bai gan shi ba, abin da magani ya yi kawai yake gani. Amma shawararsa kuskure ce, kuma ba zan sassauta wannan ba. Aikin da aka yi miki ya cire abin da ido da wuƙa suka iya kaiwa. Ƙarin ruwan an tsara shi ne don ƙananan ƙwayoyin da ka iya sulalewa zuwa wani wuri ba a gan su ba, kuma adadin da aka yanka miki ba da ka aka yanka shi ba. In kika bar biyun ƙarshe, kin sha wahalar shida kin kuma rage wa kanki kariyar da kika sha wahalar dominta. Dajin da ya dawo ya fi na farko wuyar magani, ya fi shi cin kuɗi nesa ba kusa ba.

Kada ki yi masa gardama a gaban uwarsa. Ki same shi shi kaɗai bayan isha, ki fara da gode masa kan abin da ya kashe, sannan ki roƙe shi abu guda: ya raka ki tafiya ta gaba, ya shiga ɗakin likita ya yi tambayarsa da bakinsa. In tafiyar mutum biyu ta yi nauyi, a kira shi a waya kina gaban likitan. Maza da yawa sukan sauko in suka ji daga bakin mai farar riga. In akwai wani wanki ko kawunki da yake jin nauyinsa, ki sa shi cikin maganar. Ya kuma sani tsakanin ci gaba a haka da dainawa akwai hanyoyi. Likita na iya rage yawan maganin, ko ya jinkirta da mako guda har hannu ya huce, ko ya canza tsarin. Wannan hukuncin likita ne, amma ba zai yanke shi ba sai kin nuna masa hannun. Mata da yawa suna ɓoye irin wannan don tsoron kada a dakatar da su, ke kada ki ɓoye.

Ki tambaye shi kuma game da sanyaya hannu da ƙafa lokacin da ruwan ke shiga. A wani bincike da aka yi a Faransa aka buga a 2005, an sa wa mutum 45 masu karɓar dosetaksel safa mai ƙanƙara a hannu ɗaya aka bar ɗayan. Matsalar farce ta samu kashi 11 cikin 100 na hannayen da aka sanyaya, ta samu kashi 51 na waɗanda aka bari. Ba kowa ke jure sanyin ba, kuma akwai magungunan da ba a haɗa su da ƙanƙara, shi ya sa sai da izininsa. In ya yarda, ƙanƙarar leda da aka naɗe cikin tsumma mai tsabta tana iya yin aikin. Maganar na gargajiya kuwa, addu'a da sadaka da tofi ba mai hana ki, ki ƙara ma. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi ne ba na so ki sha ba da sanin likita ba, don hanta da ƙoda suna cikin aiki mai nauyi yanzu.

Uwar mijinki ta ɓata miki, kuma maganar kuturta a bakin maƙwabta ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayar da abin ci. Sai dai ki tuna ita ta taso a zamanin da ta ga kutare da idonta, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya bayyana mata abin da shimiyo ke yi. Tsoro ne ya yi mata yawa. Kuturta tabo take yi mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, ba baƙin tafin hannu ba. Daji kuwa ba a ɗaukarsa ta abinci, ko kwano, ko gaisawa, ko kwanciya wuri ɗaya. Gyaran wannan magana aikin ɗanta ne, ba naki ba. Shi zai gaya mata abin da likita ya ce, kuma abin da ya fi magana ƙarfi shi ne ta gan shi ya sa hannu cikin tuwonki yana ci tare da ƴaƴansa. Ke ki ci gaba da gaishe ta da aika mata nata kwanon. In ta mayar, kada ki sa a ranki, ki ba yara.

Biki kuma, Allah ya sa alheri, ya kai mu. Ki ƙirga kwanaki tun yanzu: in ranar ta faɗa cikin mako na biyu bayan ƙarin ruwa, lokacin da jini ke ƙasa, ku matsa ta gaba kaɗan, don taron biki taron tari da mura ne. Dilka da halawa da duk wani gyaran jiki mai gurza fata ki bar wa amarya. Baƙin lalle, wanda ake haɗawa da rinin gashi, kada ya taɓa ki sam, sinadarin da ke cikinsa yana tayar wa masu lafiya ma ƙuraje masu ɗurar ruwa. Ƙunshin da ake ɗaure ƙafa cikin leda a kwana shi ma zafi da gumi ne, bai dace da tafinki ba. In rai ya biya, jan lalle na ganye zalla, ba gishirin lalle ba komai, ɗan zane a bayan hannun dama inda fata take lafiya, bayan kin tambayi likita kin kuma gwada a ɗan wuri kwana biyu kafin nan. Faratan ki bar su a buɗe don a riƙa ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashinsu.

Ki zaunar da ɗiyarki ki nuna mata hannun, ki gaya mata abin da ya jawo da lokacin da zai tafi, don kada ta ji daga bakin dangin miji. Ranar taro ki zauna wuri mai inuwa cikin ƙawayenki biyu ko uku da suka san komai, su za su amsa wa mai yawan tambaya. Girkin biki da jigilar tukwane ba naki ba ne bana.

Yau da daddare ki sa a ɗauki hoton tafin hannunki da faratan a waya cikin haske mai kyau, ki riƙa ɗauka duk mako, ki tafi da su Yamai. Ki karɓi lambar da za ki kira a sashen da ake miki magani in wani abu ya taso kina gida, ki kuma tambaye su wane likita za ki riƙa gani a nan Maradi tsakanin tafiya da tafiya. Gobe da safe kuma, farcen nan na hagu, asibiti. Ki rubuto mini abin da suka ce. Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata.